Fijo 406 mai gas da ke tashi da asuba ta ƙi tashi da rana: yadda aka gano ciwonta a Agege

Motar da mai ita

Motar Peugeot 406 ce wagon ƙirar 2002, tokumbo, mai giyar hannu, injinta na gas ne, wato dizal, mai lita 2 wanda ake kira HDi. Mai ita wani Alhaji ne dillalin albasa a kasuwar Mile 12, gidansa a Agege. Ya saye ta a watan Nuwamba 2023 mita na nuna kilomita 241,000 da 'yan kai, amma dai kowa ya san mitar tokumbo ba abin rantsuwa bace. Ɗan ƙanwarsa ke jan ta, kuma aikinta kullum kusan ɗaya ne, a fito daga Agege bayan asuba a nufi kasuwa, da hantsi a bi masu gidajen abinci a Oyingbo ko a tsallaka Idumota karɓo kuɗi, wani lokacin da buhu biyu uku a baya, a kashe nan a tada can har yamma.

Mu 406 ɗin da muka fi sabawa da ita ta Kaduna ce mai fetur, wadda kowane bakanike zai kwance ya ɗaura ido rufe. Wannan ta gas ɗin wata aba ce daban. Ba ta da fulogi, iska inji ke matsewa kusan ninki 18 har tayi zafin da in aka fesa gas zai kama da kanshi. Kuma ba irin tsohon injin gas na roka ko janareta bane da famfo ke aika ma kowane nozul mai kai tsaye. A nan famfon Bosch ne guda ɗaya yake tara mai a wani bututun ƙarfe da kanikawa ke ce ma rel, sai birenbos, wato kwamfutar motar, ya dinga buɗe nozul huɗun da lantarki. Matsin cikin rel ɗin a silo, wato inji na aiki ba a taka wuta ba, yana kai wajen bar 300, in an taka wuta sosai har 1,350, kaga tayar mota bar 2 da ɗan wani abu ake sa mata. In kana murza ki, birenbos ba zai buɗe nozul ko ɗaya ba sai matsin ya kai wajen bar 120, kuma sai ya ga saƙon sensocin da ke gaya mishi inji na juyawa.

Sai batun mai. A farkon 2024 litar gas ta haura naira 1,200, saboda haka ba a cika tanki, lita 10 ake sha yau gobe a ƙara, allurar mai kullum tana ƙasa da kwata. In an makara ko gidan mai babu gas yaron yakan saya a jarka wajen 'yan bumburutu.

Fabrairu 2024: farkon abin

Tun 9 ga Janairu aka rufe ɓangaren gadar Third Mainland don gyara, to duk wanda ke bin titin Ikorodu a lokacin ya san irin goslon da aka sha, ga zafin Fabrairun Legas da ke kai digiri 33. Motar da a da take isa Idumota cikin ƙasa da awa ɗaya sai ta koma tana rarrafe awa biyu.

A satin farko na watan yaron ya lura in ya kashe ta bayan doguwar tafiya ya dawo bayan minti 10 ko 15, sai ya riƙe ki na daƙiƙa biyar shida kafin ta kama, alhali da safe ko murzawa ɗaya ba ta cika ba take tashi. Kafin ƙarshen watan abin ya kai sai an murza sau uku sau huɗu. Ran nan a Oyingbo ta ƙi gaba ɗaya, kik na juyawa lafiya lau, babu hayaƙi ko kaɗan a salansa, suka buɗe bonet suka zauna gefe, bayan kamar minti 50 aka murza ta tashi kamar ba ita ba. In dai ta tashi kuma shikenan, ba ta mutuwa a hanya, ba ta rage ƙarfi, allurar zafi na tsakiya inda ta saba, babu wata fitila a dashbod.

Yaron ya faɗa ma Alhaji, "Kawu motar nan in ta ɗau zafi ba ta son tashi, amma da sanyi ba ta da matsala." Alhaji yace a kai ta gobe da safe kafin a wuce kasuwa.

Ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris: batir, hita, filta

Gareji na farko a cikin unguwa yake, tafiyar minti biyar daga gida. An kai ta ƙarfe bakwai na safe, bakaniken ya murza ta tashi, ya kashe ya sake ta tashi, yace shi bai ga komai ba amma tunda batir ɗin da ta zo dashi ne daga Turai a canza. Aka sa sabo mai amfiya 75. Kwana biyu kamar an samu sauƙi, murzawar ta ɗan ragu, a na uku ta ƙi tashi a Ojota.

Aka koma, nan ma da safe dai, sai yace hita ce. Aka canza hita huɗu. Babu abin da ya sauya ko na sisi. Ita hita aikinta ta ɗumama cikin silinda in inji yayi sanyi, an yi ta ne saboda hunturun Turai, wannan injin a yanayin Legas ko da asuba da ƙyar yake buƙatarta balle yana digiri 90.

Na uku filtar mai. Wannan kam da aka buɗe an samu datti baƙi da ɗan ruwa kwance a gindin gidan filtar, aka wanke aka sa sabuwa. Motar ta ƙara jin wuta a kan hanya, yaron ma ya shaida haka, amma tashin zafi na nan yadda yake.

Azumi: sensa, turi da fiya wata

An ɗau azumi 11 ga Maris. Nan abin ya fara cin rai don mutum da bakinsa a bushe ga mota ta ƙi tashi a tsakiyar rana. A nan suka gano in aka tura ta aka saki kuloch a giya ta biyu nan take take kamawa komai zafinta. Sai yaron ya koma neman gangare duk inda zai faka, inda babu kuma a ba 'yan dako wani abu su tura.

Wani riwaya a Ketu ya jona mata kwamfuta, babu kod ɗin matsala ko ɗaya a ajiye. Yace a irin wannan sensar kiranshaf ce ke mutuwa in ta ji zafi ta farfaɗo in ta huce, kuma maganarsa ba shirme bace, hakan na faruwa sosai. Aka sayo sabuwa aka sa. Babu canji. Ya ce to ta kamshaf, aka sa ita ma. Babu canji. Sau biyu ya jona mata kwamfutar, duk motar na silo, ba a jona ta lokacin da take ƙin tashi ba.

Wani direban tifa ya basu dabarar zuba fiya wata mai sanyi a kan famfon mai da wajen nozul. Sun gwada, leda huɗu biyar, jiran minti 50 ya dawo kamar minti 15. Wani kuma ya fesa maganin sauro a bakin iska yaron na murza ki, ta tashi da wata irin ƙara kamar ana buga guduma a cikin inji, Alhaji da ya ji labari yace kar a sake, kuma ya kyauta don wannan fesawar na iya fasa zobe ko fistin. Bakanike na farko da aka koma mishi ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya jona fanka kai tsaye tana juyawa tun daga kunna ki, irin abin da ake ma tokumbo da yawa a ƙasar nan. Allurar zafi ta sauka, a gajerun tafiye-tafiye ta daina gardama, amma da an shiga goslo mai tsawo sai ta koma gidan jiya, ga shan mai ya ƙaru.

Daga ƙarshe shawara biyu aka kawo ma Alhaji. Ko a sayi famfo da birenbos tokumbo a gwada, ko a sauke injin gaba ɗaya a ɗora na fetur a huta. Ya kusa yarda da ta biyu, wani abokin kasuwancinsa yace ya dakata sai bayan sallah, akwai wani dattijo mutumin Kaduna a wajen Oko-Oba da ba ya taɓa komai sai injin gas.

Tsakiyar Afrilu: awo da zafinta

An yi ƙaramar sallah 10 ga Afrilu, satin da ya biyo baya aka kai ta. Dattijon bai buɗe bonet ba, tambayoyi ya fara yi. Kik ɗin na juyawa ko ƙwas yake yi ya tsaya? Akwai farin hayaƙi lokacin murzawa? Ta taɓa mutuwa tana tafiya? Turi na tada ta? Ina kuke shan mai? Da ya gama ji sai yace, "Alhaji yanzu lafiyarta ƙalau, ba abin da zan gani. Samari ɗauke ta ka je ka yi aikinka na yau, ka dawo min da ita da azahar, kar ka kashe ta sai a gabana."

Kafin su tafi ya jona kwamfuta ya ɗauki awon sanyi don ya samu abin kwatantawa. Batir a zaune bolt 12.6. Lokacin murzawa inji na juyi kusan 250 a minti, matsin rel ya haura bar 200 cikin daƙiƙa ɗaya, ta tashi.

Ƙarfe biyu da rabi yaron ya dawo. Aka kashe, aka jira minti 15, don bayan an kashe inji ne zafi ke taruwa a ƙarƙashin bonet tunda ruwa ya daina zagayawa iska ma babu. Sannan aka murza kwamfuta na jone. Ta ƙi. Ga abin da allon ya nuna: juyin inji 185 zuwa 190, sensocin kiranshaf da kamshaf duk suna magana, sensar zafin ruwa na bada adadi mai ma'ana, matsin rel kuwa ya hau bar 85 ya tsaya cak, ya ɗan taɓa 90 ya dawo.

Daga nan aka san birenbos lafiyarsa lau, ƙin buɗe nozul yake saboda matsi bai kai ba, shi yasa ma babu hayaƙi. Saura a san ina matsin ke zuwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga mai arha. Ƙaramin famfon lantarki na cikin tanki ya auna, yana bada kusan bar 2.5, daidai. Ya buɗe gidan filta ya tsiyaye man a farar roba ya fita dashi rana yana juyawa, yace garin ƙarfe mai ƙyalli yake nema, don in famfo ya fara cin kanshi to sai an wanke tanki da layi gaba ɗaya kuma kuɗin ba kaɗan bane. Babu ƙyalli, sai ɗigon ruwa a filtar da ko wata biyu ba ta yi ba. Ya ciro regiletar matsi da ke jikin babban famfo ya duba robobinta, ba su yage ba.

Sai ya koma kan juyin da ya faɗi daga 250 zuwa 190. Ya sa mita tsakanin kan batir na nagetif da jikin inji ana murzawa, ta nuna bolt 0.9 na ɓacewa a hanya, abin da bai kamata ya kai rabin bolt ba. Wayar at ɗin da ke ɗaure a jikin giyabos ta yi kore da tsatsa, rabin gashinta ya tsinke. Aka canza ta nan take, aka buɗe kik aka sa sabon burosh da bushi.

Washegari aka maimaita gwajin da azahar. Juyi ya hau 235. Matsi ya kai bar 105 zuwa 115, ta kama a murzawa ta biyu bayan daƙiƙa bakwai. Alhaji yace Alhamdulillah an gama. Dattijon yace, "Ranka ya daɗe ba a gama ba, bakin layi kawai ta taɓo, in ka tafi da ita haka kafin babbar sallah za ka dawo."

Gwajin da ya raba gardama babu tsada a cikinsa ko kaɗan. Kowane nozul yana da ɗan ƙaramin tiyo a kansa da ke mayar da ragowar mai tanki, wannan ragowar dole ce, da ita nozul ke buɗewa da rufewa, amma tana da iyaka. Ya cire tiyoyin huɗu, ya toshe layin da ke komawa tanki, ya sa ma kowane nozul nashi siririn tiyo zuwa sirinji babba mai lamba irin na kemis. Aka tada mota da zafinta ta yi silo minti biyu. Na 1 ya tara mil 18, na 2 mil 20, na 3 mil 55, na 4 mil 41. Da safe da aka sake da injin a sanyi, na 3 da na 4 sun fi sauran amma tazarar ba ta kai haka ba, wanda bai sani ba zai iya cewa ba komai.

Wani yaron garejin ya kawo sifana zai sassauta bututun ƙarfe na kan nozul inji na aiki don a ji wanne ne ba ya wuta, irin yadda ake ma tsohon inji, dattijon ya daka mishi tsawa. Man da ke cikin wannan bututun in ya fito yana iya huda fata ya shiga jiki.

Ƙarshen Afrilu: gyaran

Sabon nozul a kwali ya fi ƙarfin abin da Alhaji ya ware, sai aka tsaya a tokumbo amma da sharaɗi. Dattijon ya kwafi lambar da ke jikin tsohon, yaron ya je kasuwar kayan mota ta Ladipo ya samo guda biyu masu lamba iri ɗaya, akayi magana da mai shagon cewa za a ɗora su a injin gwaji wanda ya faɗi za a dawo dashi. Ɗaya ya wuce, ɗaya yana zubar da mai kusan kamar wanda aka cire, aka mayar aka karɓo wani ya wuce.

Na 4 ya fita da sauƙi, na 3 ya kafe da baƙin kwalta saboda wosharsa ta jima tana hura iska, sai da aka jiƙa shi ya kwana. Aka share mazaunin, aka sa sabbin woshar tagulla. Aka sauke tanki aka wanke, aka sake sa filta, aka wanke ɗan lagireton da ke ƙarƙashin mota mai sanyaya man da ke komawa tanki, wanda laka ta lulluɓe shi har ba a ganin haƙoransa. Aka mayar da tamostat, fanka ta koma kan tsarinta.

Awon ƙarshe, da azahar bayan tafiyar awa biyu da jiran minti 15: juyi 240, matsi ya wuce bar 200 kafin daƙiƙa biyu, murzawa ɗaya. Sirinji huɗun sun tara tsakanin mil 17 da 22.

Mayu zuwa Yuli

An koma aiki kamar da. Gada ta buɗe tun 4 ga Afrilu, damina ta sauka, saboda haka za a iya cewa yanayin ma ya sassauta mata, shi yasa yaron da gangan ya dinga kashe ta a wuraren da ta saba ƙi. A satin babbar sallah, tsakiyar Yuni, ta sha goslon kasuwar raguna wuni guda ba ta yi gardama ba. Alhaji ya hana sayen man jarka, ya tsayar da gidan mai ɗaya, kuma ba a barin tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Abin da ya faru, a nawa ganin

Ciwon asali nozul biyu ne da ke zubar da mai ta baya, wayar at da kik ɗin da suka gaji suka ƙara mishi nauyi. A cikin kowane nozul akwai ɗan bawul da bai kai ƙwayar gero ba, ruwa da datti na cinye mazauninsa a hankali. Gas kuwa kamar manja yake, da sanyi yana da kauri in ya ji wuta ya tsinke, to da safe kaurin na toshe zaizayar matsi ya taru, da rana man ya tsinke yana tserewa. Shi babban famfo belt ɗin inji ke juya shi, a lokacin murza ki ne yake mafi rauni, in inji ya tashi yana juyi 800 famfon na bada abin da ya fi ƙarfin yoyon, shi yasa ba ta taɓa mutuwa a hanya ba kuma kwamfuta ba ta ajiye kod ba. Turi na tada ta ne don yana juya injin fiye da kik. Ruwan sanyi na taimakawa don yana mayar ma mai kaurinsa, duk da zuba shi a kan ƙarfe mai zafi ganganci ne. Sabon batir ya ba da sauƙin kwana biyu don ya ɗan ƙara juyi. Shi kuma tanki kwata, man da ke dawowa daga inji da zafi yake dawowa, in lita 10 ce kawai ke zagayawa nan da nan duk ta ɗau zafi.

Duk waɗannan alamun suna hannu tun cikin azumi, kuma duk wuri ɗaya suke nunawa. Ban ga laifin riwayan da ya zargi sensa ba, zato ne mai kyau, sai dai da ya jona kwamfutar motar na ƙin tashi zai ga allon na nuna juyi 190, sensar da ta mutu kuwa sifili take nunawa, da ba a sayi ko ɗaya ba. Hita huɗun kam asarar kuɗi ce tsantsa, cire tamostat kuma rufe ciwo ne. Batir, hita da sensa biyu in aka haɗa kuɗinsu ya kusa kai na nozul biyun. Da an bi shawarar famfo da birenbos da an kashe ninkin haka motar na nan jiya i yau, tunda nozul ɗin da ke yoyo suna nan a kai.

Ko man bumburutu ne ya cinye su ko da zaizayarsu suka zo daga Turai, ni na fi karkata ga duka biyun, wata uku sun yi kaɗan su kashe lafiyayyen nozul amma sun isa su ƙarasa wanda ya yi shekara 22 yana aiki. Na 1 da na 2 har yanzu tsofaffin ne, sa'annin waɗanda aka cire. Dattijon yace duk zuwa canjin filta a zo da ita da rana a ɗora musu sirinji, wanda ya fara ninka ɗan'uwansa a cire shi.